Da tsohuwar zuma ake magani: yadda abokai ke tada tsohuwar Peugeot 404

Duk wanda ya ratsa unguwannin makanikai a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ba zai rasa ganin wata tsohuwar mota a yashe a gindin bango ba. Tayoyinta sun nutse cikin rairayi, rana ta cinye fentinta, kaji suna saka ƙwai a ƙarƙashinta, awaki kuma sun mai da bayanta wurin kwana. Sau da yawa in aka share ƙurar da ke gabanta sai a ga alamar zaki, a gane Peugeot 404 ce, wadda direbobi suke kira kat-san-kat. Mafi yawan irin waɗannan motoci ƙarshensu ɗaya ne: masu sayen tsohon ƙarfe su zo da guduma da ma'auni, su farfasa, su biya kuɗin kilo, su tafi.

Amma akwai ƴan kaɗan da suke tsira. Wani magidanci yakan dubi motar da mahaifinsa ya yi shekaru yana jigilar ƴan kasuwa da ita, ya ji ba zai iya sallama ta ga guduma ba. Shi kaɗai ba shi da kuɗin kai ta babban gareji, ba shi kuma da sanin da zai gyara ta da hannunsa. Abin da yake da shi abokai ne: wannan makanike, wannan mai walda, wancan mai gyaran wutar mota, ga kafinta, ga baduku, ga mai fenti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Irin wannan aiki yana da tsari da ya kamata a bi, domin wanda ya fara da ado kafin birki, ko ya fara kwance inji kafin ya duba takarda, yakan yi hasarar kuɗinsa, wani lokaci da abokansa, wani lokaci ma da rayukan mutane.

Asalin motar

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a shekarar 1960, a masana'antarsa ta garin Sosho da ke gabashin Faransa. Gidan zane na Pininfarina na ƙasar Italiya ne ya tsara siffarta. An fara da ƙaramar mota mai ƙofa 4, daga baya aka fito da doguwa ta iyali, sa'an nan a 1967 aka fito da mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol, wadda a Nijar ake kira bashe, a Nijeriya kuma a-kori-kura. An daina ƙera ƙaramar a Faransa a 1975, amma an ci gaba da haɗa 404 a wasu ƙasashe, har zuwa 1991 a ƙasar Kenya. In aka haɗa duka, an ƙera fiye da miliyan 2 da dubu 800.

Sunanta ya fito ne a Afirka ta Gabas, a tseren motoci na Safari da ake yi cikin laka da duwatsu da ƙura. Ta zo ta ɗaya sau 4: a 1963, da 1966, da 1967, da 1968. A tseren 1963 motoci 84 suka tashi, 7 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma 404 ce a gabansu. Wannan ya gaya wa ƴan kasuwar Afirka abin da suke so su ji, wato ga motar da mummunar hanya ba ta karya ta da wuri.

Abin da ya sa har yanzu ake iya tada ta yana cikin yadda aka gina ta. Injin isansi na yawancinsu silinda 4 ne, girmansa santimita kubik 1618, an kwantar da shi gefe ɗaya da digiri 45 domin gaban motar ya yi ƙasa. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuma na alminiyam. Babban abin shi ne, ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin gangar aka huda su ba. Bututu ne guda 4 da ake zurawa, ruwan sanyaya inji yana zagaye su, in sun ci sai a zare su a zura sababbi tare da fistin ɗinsu. Saboda haka makanike yana iya sabunta zuciyar injin a ƙarƙashin inuwar bedi, ba sai ya nemi babbar na'urar huda ƙarfe ba. Babu kwamfuta a cikinta. Mai yana zuwa ta kafireta, wuta tana zuwa ta waya, giya 4 ce da sandarta a jikin sitiyari. Duk abin da ya lalace ido yana iya ganinsa, kunne yana iya jinsa.

Yadda ta cika hanyoyin Nijar

Ta ƙofa uku wannan mota ta shigo ƙasar. Ta farko ita ce ta gidajen ciniki na Yamai, inda ma'aikatun gwamnati da manyan ƴan kasuwa suke saye sabuwa. Ta biyu ita ce hamada. A shekarun 1970 da na 1980, samarin Turai sun riƙa sayen tsofaffin Peugeot da araha a Faransa, su ƙetare teku, su ratsa Aljeriya ta Tamanraset da In Gezam, su shigo ta Asamaka, su sauka Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida da jirgin sama. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, lokacin da rikici ya ɓarke a Aljeriya da arewacin Nijar. Ta uku ita ce kudu. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka yawaita a kasuwannin Kano da Katsina, daga can kuma suka riƙa tsallakowa zuwa Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni.

Bashe ita ce ta zama jakar ƙauye ta zamani. Ranar kasuwa tana ɗaukar buhunan hatsi da wake da gyaɗa, da tumaki, da mutane a kan kaya. Ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, ita ke kai amarya. Daga baya 504, wadda ta fito a 1968, ta karɓi wani rabo na aikin, sa'an nan motocin Japan, musamman Toyota, suka mamaye tashoshi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin CFA, tamma 1 ta Faransa ta tashi daga 50 zuwa 100. Kayan gyaran da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsada ƙwarai, masu tsofaffin motoci da yawa suka jingine su da niyyar gyarawa in hali ya samu. Wasu daga cikin waɗanda ake gani yau a gindin bango tun wancan lokaci suke jira.

Takarda da magana kafin sufana

Aikin farko ba na makanike ba ne. Mota mai shekara 50 sau da yawa mai sunanta ya rasu, ta zama dukiyar magada. Muddin tana kwance ba mai kula ta, amma ranar da ta tashi tana sheƙi, kowane ɗan'uwa zai tuna yana da rabo a cikinta. Saboda haka mai hankali yakan tara magada tun da fari, a yi wa motar kuɗi a yadda take, ya biya kowa haƙƙinsa ko su yafe masa, a rubuta a gaban shaidu. Bayan haka a nemo katin motar, a gwada lambar da ke rubuce a kansa da wadda aka buga a jikin ƙarfenta. In lambobin ba su dace ba, ko babu shaidar an biya kuɗin duwan, to a warware wannan a ofishin da ya dace kafin a kashe ko dala. Motar da ba ta da takarda, kome kyanta, iyakarta shingen jandarmomi na farko.

Aiki na biyu shi ne magana da abokai. Gayya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, da ita ake noma, da ita ake yaɓen ɗaki, kuma a zamanin Shugaba Seyni Kountché ƙungiyoyin samariya da ita suka gina azuzuwan lakwal da yawa. Sai dai gayyar gona yini ɗaya ce, ta mota kuwa takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Mai walda yana da iyali, iskar gas da sandunan walda kuma saye yake yi. In ba a faɗi tun farko abin da yake kyauta da abin da za a biya ba, sai ƙorafi ya shiga, mota ta tsaya rabi a kwance, zumunci kuma ya yi tsami. Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne mai mota ya ɗauki kuɗin duk kayan da za a saya, da abinci da shayin ranar aiki, abokai kuma su ba da hannunsu a ranar da ba su da aikin kuɗi. In wani zai sa kuɗinsa domin a raba ribar jigila daga baya, a rubuta rabonsa. Ya kyautu a sami littafi guda da ake shigar da kowane abin da aka saya da kuɗinsa, kuma wannan aiki ne da duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya riƙewa.

Sa'an nan a duba gawar motar da idon basira, domin ba kowace ce ta cancanci wahala ba. Busasshiyar iskar Sahel tana kiyaye ƙarfe, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a Tawa ko Agadas takan fi wadda ta fito bakin teku lafiyar jiki. Duk da haka tsatsa tana da wuraren ɓuya: ƙarƙashin batir inda ruwansa ke ɗiga, daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, gindin ƙofofi, da bayan bashe inda fitsarin dabbobi da gishiri da kanwa suka daɗe suna zuba. Ƙaramar 404 ba ta da shasi dabam, jikinta shi ne ƙashinta. In wuraren da ƙafafun gaba suke kamawa sun ruɓe, ko hatsari ya taɓa murɗe ta, gara a mai da ita ma'ajiyar kayan gyara, a nemi wata.

Zuciyar mota

Ranar da aka fara kwancewa, tsohon makanike ne shugaba. Yaransa suna kiransa maigida, mai motar ma, ko da shi ne mai kuɗi, a wannan fili umurninsa yake bi. Kuskuren da masu ɗoki suke yi shi ne su kawo batir su ce a gwada tada injin da ya yi shekara 20 bai juya ba. Zobban fistin sun manne, baƙin mai ya zama kamar kwalta, juyi ɗaya da ƙarfi yana iya karya abin da da zai gyaru. Abin da ake yi shi ne a cire buji, wanda makanikan Kano suke kira fulogi, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bar shi kwanaki, sa'an nan a gwada juya injin da hannu a hankali.

In an sauke inji, kowane abu da aka cire a wanke shi, a sa shi cikin gwangwani ko jaka da alama. Yau da yake kusan kowa yana da wayar da ke ɗaukar hoto, ya kamata a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, domin bayan wata 6 ba wanda zai tuna inda wata ƙaramar waya ta fito. Aikin inji kuma ba a yinsa a fili lokacin hunturu, saboda ƙurar da iska ke kawowa in ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe tana ci kamar magagari.

Akwai ƙa'idodi da tsofaffin masu gyaran Peugeot suka haddace. Da zarar an ɗaga kan inji, ba a juya shi sai an danne bututun nan 4, domin in ɗaya ya motsa, abin da ke toshe gindinsa ya saki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai. Kan inji na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, don haka a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya karkace kafin a mai da shi. Ƙusoshinsa ana ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, da sufana mai auna ƙarfi. Silinda ta 1 a wannan inji ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba, kuma wuta tana bin 1, 3, 4, 2. Yaron da ya koyi aiki a kan motocin Japan in ba a gaya masa ba yana iya ƙirgawa daga gaba ya rikita kansa. Tazarar bawul ana auna ta inji yana sanyi: milimita 0,10 a na shigar mai, 0,25 a na fitar hayaƙi.

Wani sirrin yana ƙafar baya. A ƙaramar 404, abin da ke juya tayoyin baya dunƙulen ƙarfe ne mai murɗi kamar sukurori, yana tura wani faifai mai haƙora na tagulla. Wannan tsari yana da man da ya dace da shi, kuma wanda aka saba zuba masa a da daga ƴaƴan zurma ake yinsa. Ba a gauraya shi da man giya na yau da kullum. Wanda ya zuba duk man da ya samu, tagullar takan cinye, samun wata kuwa yau sai an sha yawo. Bashe ba ta da wannan matsala, domin ƙafarta ta baya irin ta sauran motocin kaya ce.

Neman kayan gyara shi ne inda yawan abokai yake amfani. Wani ya san wani tsohon gareji a Tasawa da ke da gawar 404 a bayansa, wani yana da suruki direba mai zuwa Kano. Wasu sassan injin 504 suna shiga, tun da gidansu ɗaya, amma ba duka ba, sai an gwada da tsohon a hannu. Kasuwa kuma cike take da jabu masu kyan kwali. Ƙarfe na asali da aka ciro daga tsohuwar mota sau da yawa ya fi sabon jabu, amma duk abin da yake na roba, ko ya yi kyau a ido, shekaru sun riga sun kashe shi, sabo ake sa wa.

Abin da ke tsare rai

Mota da ta ƙi tashi ɓacin rai ce kawai. Wadda ta tashi ta ƙi tsayawa ita ce mai kisa. Don haka kuɗin birki ake fara warewa kafin na fenti. Man birki yana shan danshi, shekaru suna sa ya ci bututun ƙarfe daga ciki. A motoci da yawa na wancan zamani hanyar man birki ɗaya ce tak ga ƙafafu 4, in ta fashe a wuri guda duka birkin ya tafi, sai na hannu ya rage. Saboda haka ana sauya dukan robobi da tiyo, a duba bututun ƙarfe taƙi bayan taƙi, a gyara birkin hannu ya kama sosai. Haka nan sitiyari da duk mahaɗan ƙafar gaba. Taya ma tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen kowace taya ta zamani akwai lamba 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma mai saye ya kamata ya karanta kafin ya biya.

Masu aikin su ma suna da haƙƙin a tsare ransu. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da kututture ko ƙarfe mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri. Ba a kusantar tankin isansi da wutar walda ko da ya yi shekaru a bushe, domin tururin da ya rage a ciki yana fashewa. Ƙurar tsofaffin takalman birki tana iya ƙunsar asbestos, wanda ke lalata huhu, don haka ba a hura ta da baki ko da iska, a jiƙa tsumma a goge. Mai fesa fenti ya rufe hanci da baki, a kuma kori yara daga wurin.

Wayoyin wuta na motar da ta daɗe a ajiye ɓeraye sun ci wasu, zafi ya busar da rigar wasu. Mai gyaran wuta na kirki yakan zare su duka ya shimfiɗa sababbi, ya sa fis a inda ya kamata. Ɗaure fis da guntun waya, kamar yadda ake yi a tasha, shi ne asalin gobarar motoci da yawa. Mai walda kuma ya yanke ruɓaɓɓen wuri ya sa sabon ƙarfe. Cika rami da ƙullun fenti a shafe yana rufe ido wata 6 ne, kafin hanya mai gargada ta tona asiri.

Ado da sauye-sauye

A Faransa akwai masu sha'awar 404 da ƙungiyoyinsu, kuma kamfanin ya buɗe gidan tarihinsa a Sosho a 1988. Can abin da ake so shi ne mota ta koma daidai yadda ta fito daga masana'anta, har launin kujera. Dokarsu ma tana ba motar da ta kai shekara 30 kati na musamman na kayan tarihi, in ba a sauya ainihin ƙirarta ba. A Nijar kuwa wanda ya tada 404 yawanci so yake ta yi aiki, ta kuma nuna ko ta wane ce. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma sauyi iri biyu ne, akwai mai amfani, akwai mai cutarwa.

Daga cikin masu amfani akwai sa alternato a madadin tsohon dinamo domin batir ya riƙa cika sosai, da ƙara wa lagireto girma saboda zafin watan Afrilu da Mayu, da matatar iska mai wanka da mai, wadda ta dace da ƙasa mai ƙura, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, da mazaunin taya ta biyu da na jarkar ruwa. Sa bel na ɗaure jiki a kujerun gaba, in an kafa shi a ƙarfe mai ƙarfi, ya fi kowane ado daraja.

Mai cutarwa shi ne wanda ke sa mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. An gina bashe domin kayan da ba su wuce tan 1 ba. Masu jigila sukan ƙara ganyen sifirin a baya, su ɗaga bangon akwatin kaya, su ga motar ba ta durƙusa ba, su ɗauka ta ƙara ƙarfi. Alhali birki bai ƙaru ba, ƙarfen da ke juya taya bai ƙaru ba, kaya kuma da suka yi tsawo suna jan mota ta kife a kwana. Haka wanda ya ɗora mata injin da ya fi nata gudu ya bar mata tsohon birki. Wanda kuma ya cire injin isansi ya sa na gazuwal, ya sani katin motarsa ya daina faɗin gaskiya, sai ya je an gyara shi, in ba haka ba ranar hatsari kamfanin inshora yana da abin da zai fake da shi.

Bayan wannan fili ya buɗe ga masu sana'ar hannu. Kafinta yana shimfiɗa sabon katako a akwatin baya. Maƙeri yana lanƙwasa sandunan da tamfol ke hawa. Baduku yana yi wa kujeru da sitiyari riga, kuma ƙasar da ke da jar akuyar Maraɗi da majemar Damagaram ba ta rasa fata mai kyau. Mai fenti yana kankare tsohon launi, ya shafa na kariya daga tsatsa, sa'an nan na ado. Daga ƙarshe mai rubutu ya zo da ɗan burushinsa ya rubuta a goshi ko a baya abin da mai mota ya zaɓa, ko Allah ya kiyaye, ko haƙuri maganin duniya, ko sunan garinsu. Sharaɗi ɗaya ne: kada ado ya rufe lamba, ko fitila, ko madubi, ko gilashin da direba ke gani ta ciki.

Ranar tashi

Ranar da za a tada inji kowa yakan zo, har wanda aikinsa ya ƙare tun watanni. A zuba mai da ruwa, a juya injin ba tare da buji ba har mai ya zagaya, a mai da su, a yi bisimilla, a murɗa makulli. Yakan yi tari sau biyu ko uku kafin ya kama. Makanike ba ya shiga cikin masu murna, yana tsugune yana kallon ƙasa ko wani abu na ɗiga, yana sauraron ƙarar bawul, hannunsa a kan tiyon ruwa. Sabon inji ana lallaɓa shi: kilomita 1000 na farko ba gudu, ba kaya masu nauyi, sa'an nan a zubar da baƙin mai, a sake ɗaure kan inji, a sake auna bawul. Bayan haka a kai ta binciken lafiyar mota, wanda direbobi ke kira bizit, a yanki inshora, kafin a ɗauki fasinja ko guda.

In aka yi lissafi da alƙalami, sau da yawa abin da aka kashe ya kai kuɗin wata tsohuwar motar Japan da ke tafiya da ƙafarta. Ribar tana wani wuri. Makanikan da suka koyi aiki a kan 404 a shekarun 1970 yau tsofaffi ne, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Yaron da ya zauna kusa da ɗayansu daga ranar da aka sauke inji har ranar da ya tashi ya ga yadda mota take aiki tun daga tushe, abin da motar zamani mai rufaffen akwatin kwamfuta ba ta nuna wa ɗan koyo. Ya kamata cibiyoyin koyon sana'a da hukumomin gari su lura da wannan. Maimakon a sayar da kowace tsohuwar motar ma'aikata a kilo, ana iya ware ɗaya ko biyu a ba makarantun sana'a, a gayyato tsofaffin makanikai su koyar a kansu tun suna da ƙarfi, a kuma rubuta bayaninsu da Hausa domin masu karatu.

Amfanin farko na motar da gayya ta tada yakan koma ga waɗanda suka tada ta. Ranar da matar mai walda za ta asibiti, ko kafinta zai kai katako ƙauye, ko za a ɗauki amaryar ɗan makanike, ba a maganar kuɗin mota, sai dai a zuba mai. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.